An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Akwai wata tuhuma da ta daɗe tana yawo a majalisun dattawa da bakin masallatai, daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, kuma lokaci ya yi da za a amsa ta a fili. Tuhumar kashi biyu ce. Na farko, wai gidajen gem ne suka kashe dambe da kokawa, samari sun bar fage sun koma gaban talabijin suna danne-danne. Na biyu, wai wasannin faɗa irin su Mortal Kombat da Tekken da WWE su ke koya wa yara zubar da jini, saboda haka a rufe gidajen kowa ya huta.

Mu da muke buga waɗannan wasanni a Magarya da garuruwan da ke kewaye da ita mun ji, kuma ba mu yarda ba. Mun san an ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma an kuma ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gidan gem ɗakinmu ne. Mun san inda yake yoyo, za mu kuma nuna wurin da yatsa. Sai dai ba inda iyayenmu suke nunawa ba ne.

Abin da ake yi a ciki

Wanda bai taɓa leƙawa ba yana zaton wani kogon shaiɗanu ne. Shago ne ko rumfar kwano, da talabijin biyu ko uku, da PlayStation da ta sha hannu kafin ta iso gare mu, da benci, da janareto ko farantin sola da batir. Mutum biyu ke wasa, mutum goma na tsaye a bayansu suna ba da shawarar da ba wanda ya tambaye su. Wanda ba shi da kuɗin zama yana da waya, yana buga Dream League Soccer ko tsohuwar PES da aka tura masa. Abin da ya fi yawa a ɗakin kuwa musu ne, ya fi wasan kansa yawa.

'Yan PES suna cewa ƙwallonsu ta fi kama da ta fili: sai ka gina wasa tun daga baya, ka yi haƙuri, ka jira giɓi. Suna zargin FIFA da gudu da kwalliya. 'Yan FIFA suna cewa su ke da sunayen kulob na gaskiya da riguna da filaye, wa zai ɓata lokacinsa da ƙungiyar da aka lanƙwasa wa suna? Kamfanin Konami na Japan ya mayar da PES eFootball a 2021, EA ma ta rabu da hukumar FIFA ta koma EA Sports FC a 2023, amma a bakinmu har gobe PES ce da FIFA, musun kuma yana nan inda aka bar shi.

A ɓangaren faɗa, 'yan Tekken suna kallon 'yan Mortal Kombat a matsayin masu son ƙarya: wannan ya fitar da wuta daga hannu, wancan ya daskarar da mutum da ƙanƙara. Su a Tekken kowace gaɓa da maɓallinta, hannun dama da na hagu, ƙafar dama da ta hagu, kuma sai ka iya gocewa gefe kafin ka ce ka iya. 'Yan Mortal Kombat suna cewa ai in gaskiya ake nema sai a je fage, gem don nishaɗi aka yi shi. Abu ɗaya ya haɗa kawunansu: raina sabon shiga da zai ɗauki Eddy Gordo ya runtse ido yana danna maɓallan ƙafa har ya ci da sa'a. Su kuwa 'yan WWE sun fi kowa sanin cewa kokawar da ake nunawa a talabijin shiri ce, an rubuta wanda zai yi nasara tun kafin a hau. A gem ne ba a rubuta ba, hannunka ne zai fisshe ka. Kuma ka lura da su: ba sa taɓa tsallake shigowar ɗan wasa. Sai fitilu sun mutu, ƙararrawar Undertaker ta kaɗa, kowa ya yi tsit.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fagen dambe ya san wannan musun, domin shi ne dai aka sauya wa riga. Raina mai jefa hannu barkatai da yabon gwanin da ke kwantawa yana jiran giɓi, a fage muka gaje shi. Turmi uku ake yi a dambe, yawancin wasannin faɗa ma wanda ya ci biyu cikin uku shi ya ci. Shigowar ɗan WWE da kiɗansa, ai take ne da kirari: kalangu ya kira sunan ɗan dambe, tsikar jikinsa ta tashi, ya fito yana karkarwa. Wanda ya riƙe benci tun azahar ba a tayar da shi ba, ƙanin wanda ya riƙe fage ne. Har kalmar da ake tsorata da ita a Mortal Kombat mun riga su amfani da ita. In ɗan dambe ya kai abokin karawarsa ƙasa, me muke cewa? Ya yi kisa. Ya kashe shi. Kakanninmu sun yi shekaru aru-aru suna faɗin haka, ba wanda ya ɗauka gawa za a fitar daga fage.

Wa ya kori mutane daga fage?

A 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya kalli dambe a Kano, ya rubuta yadda mahauta suka fito da hannu naɗe suka gwabza a gabansa. Shi ne ya dawo a 1826 har ya sauka nan Magarya wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno. Ke nan sama da shekara ɗari biyu da aka rubuta labarin dambe a takarda, kuma ko a lokacin ba sabon abu ba ne. Dambe ya ga zuwan Turawa a 1903. Ya ga rediyo, ya ga silima, ya ga finafinan Indiya da na Sin, ya ga gidajen kallon ƙwallon Turai. Duk bai mutu ba. Yanzu kuma a ce wata tsohuwar PlayStation da ke aiki da rabin litar fetur ita ta kayar da shi?

Dambe da kokawa wasannin kaka ne. Suna buƙatar abubuwan da kowa ya sani: amfanin gona ya shigo gida a sami rarar da za a yi kari da ita, hanya ta yi lafiya 'yan wasa da makaɗa su bi gari-gari, dare ya yi lafiya a taru a farin wata, kasuwa ta ci baƙi su zo. A gabashin Sakkwato wanne ne bai taɓu ba?

A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka auka wa Tabanni a ƙasar Gandi, cikin ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka cika garin Gandi suna gudun hijira. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Rabah da Goronyo, aka kuma rufe hanyar Marnona zuwa Isa. A watan Oktoba na wannan shekarar aka buɗe wa mutane wuta a kasuwar Goronyo, fiye da 40 suka rasu. Akwai ƙauyukan da sai sun biya haraji kafin a bar su su girbe abin da suka shuka da hannunsu. A irin wannan hali wane mai gari ne zai sa a buga gangar kokawa da dare, ya tara samarin ƙauyuka biyar a fili ɗaya? Wane uba ne zai bar ɗansa ya hau babur bayan isha'i ya tafi kallon dambe?

Ƙasar Gandi ita ta haifi Muhammadu Bawa Ɗan Anace, makaɗin da ya ɗaukaka sunan Shago har ya zama ba a maganar dambe a ƙasar Hausa sai an ambace su tare. Ƙasar da ta ba duniya wannan murya ita ce ta koma matsugunin 'yan gudun hijira. Wanda yake neman abin da ya kashe fage, ga shi nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Samari ba su bar fage don gidan gem ba. Fage ne ya rufe, suka nemi ɗan ɗaki a cikin gari, kusa da gida, inda za a yi gasa a tashi lafiya.

Akwai kuma wata magana da za mu faɗa da ladabi, amma sai mun faɗe ta. Da yawa daga masu kukan mutuwar dambe a yau su ne suka hana mu zuwa kallonsa jiya. Da fage yana ci, cewa aka yi wasan banza ne, sana'ar mahauta ce, akwai kiɗa, akwai layu da guraye, ɗan mutunci ba ya zuwa. Yaro ya je kokawa ya dawo da ƙura a jiki, bulala ce. Yanzu da aka sami sabon abin zargi, dambe ya zama al'adar iyaye da kakanni da yaran zamani suka yi watsi da ita. Ba a hana mutum tuwo a dawo ana yi masa gorin rama.

Dambe ma bai mutu ba, ƙaura ya yi. Yana nan a Dei-Dei ta Abuja, yana nan a dandalin Ado Bayero na Sabon Garin Kano, Kudu da Arewa da Guramada suna ta fafatawa. Tashar Dambe Warriors da aka buɗe a YouTube a 2017 ta kai shi idon miliyoyin mutane a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Hausa ba. Wayar da ake tsine wa ita ta yi wannan aiki. Yaran da ke buga Tekken da rana su ne suke tura wa juna bidiyon Ebola da Dogo Mai Takwasara da Garkuwan Cindo da dare. Mun sani, domin wayoyinmu ne.

Batun jini

Tsoron Mortal Kombat ba a nan ya fara ba. Wasan ya fito a Amurka a 1992, a 1993 majalisar dattawan ƙasar ta zauna a kansa, a 1994 aka kafa hukumar da ke rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa. Ba su hana shi ba, iyaka suka sa masa. Tun daga lokacin masana suke bincike, kuma a 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana matsayinta: akwai 'yar alaƙa tsakanin wasannin faɗa da saurin fushi, irin tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar cewa su ke sa mutum ya aikata ta'asa. Japan ita ta ƙera Street Fighter da Tekken da PlayStation kanta, kuma tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin kisan kai a duniya.

Amma me ya kai mu Japan alhali ga amsa a bayan gidanmu? Waɗanda suka addabi gabashin Sakkwato ba a gaban talabijin suka tashi ba. Bello Turji da ire-irensa daji ya rene su, inda babu lantarki balle gidan gem. Abin da ya haifar da su an faɗe shi har an gaji: rikicin gona da burtali, satar shanu, ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya, bindigogin da ke ketaro iyaka, zaluncin da ba a hukunta ba, yaran da ba boko ba allo. Duk wanda ya tsallake waɗannan ya zo ya tsaya a kan yaron da ke danna maɓalli, jaki ya bari yana dukan taiki. Dalili kuwa a bayyane yake: taiki ba ya harbi. Rufe shagon wani saurayi aikin minti biyar ne, kuma za a ce an yi wani abu. Buɗe hanyar da aka tare shi ne aikin.

Inda ɗakin yake yoyo

Ba mu ce gidan gem masallaci ba ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai ɓarna guda uku, kuma babbarsu ba a cika ambatonta ba saboda ba ta da jini a allo.

Caca ce. Tana farawa da ƙa'idar da kusan kowane gida ke bi: wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasa. Daga nan sai a ɗora wani abu a kai don wasa ya yi zafi. Daga nan sai 'yan kallo su fara zuba nasu a bayan wanda suke so. Kafin a ankara yaron da aka aika sayen magi ya koma gida hannu biyu. Kuma abin bai tsaya a benci ba, manyan kamfanonin da kansu sun saka shi cikin wasa. A FIFA akwai sashen da ake sayen ƙunshin 'yan wasa da kuɗi na gaske ba tare da sanin wanda zai fito ba, ko gwarzo ko ɗan benci. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan caca ce, a farkon 2019 EA ta daina sayar da shi a ƙasar. Daga wannan ƙunshi zuwa manhajar cacar ƙwallo taku ɗaya ne, kuma manhajar tana cikin wayar da ke aljihun ɗanka yanzu haka.

Na biyu, shekaru. A jikin Mortal Kombat an rubuta cewa na 'yan shekara 17 ne zuwa sama, a Turai ma 18. Waɗanda suka ƙera shi ba su ce a ba ɗan shekara takwas ba. Mai gidan da ke karɓar kuɗin irin wannan yaro ya kunna masa, laifinsa ne, ba laifin wasa ba. Na uku, lokaci. Yaron da ya kamata a ce yana aji ko gaban malam ko yana taya ban ruwa a fadamar albasa, in aka same shi a benci da hantsi, an cuce shi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka, ga wanda wasan ya fi ƙarfinsa har ya hana shi rayuwa. Ba kowane mai wasa take nufi ba, amma akwai su, mun kuma san su.

To a rufe gidajen ke nan? A nan ne masu wannan kira ba su yi lissafi ba. Gidan gem yana bakin hanya, ƙofa a buɗe, kowa na gani, ana kiran salla a kashe janareto, uba zai iya zuwa ya kamo kunnen ɗansa. In ka rufe shi, wasan ba ya mutuwa, waya yake komawa, a ƙuryar ɗaki, ƙarfe biyun dare, ba mai gani, kuma can ne caca ta fi kusa. Ka kori abin daga inda idonka yake kaiwa, ka tura shi inda ba ya kaiwa.

Doka ma ta nuna inda ya kamata a dosa. A 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo, a watan Nuwamban wannan shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca a cikinsu, ba gwamnatin tarayya ba. Wuƙa da nama suna hannun jiha. A yi amfani da su a kan caca, kada a haɗa mai buga ƙwallo a allo da mai zuba kuɗin sadakinsa a kan wasan Arsenal a ce duk ɗaya ne.

Mu koma kan junanmu

Saura magana da 'yan uwanmu 'yan benci, domin a cikinmu akwai masu ba tuhumar nan ƙarfi. Su ne waɗanda in an ambaci dambe sai su yatsine fuska su ce ƙauyanci. Ɗan uwa, buɗe jerin 'yan wasan da kake zaɓa ka duba da kyau. E. Honda ɗan kokawar sumo ne ta Japan. Sagat damben Tailan yake yi. Zangief ɗan kokawar Rasha ne. Eddy Gordo, wanda ya fara fitowa a Tekken 3 a 1997, wasan kafuwera yake yi, wanda bayin da aka kwasa daga Afirka suka raya a Barazil, kuma wani gwanin wasan na gaske, Marcelo Pereira, aka ɗauki motsinsa aka saka a na'ura. Duk waɗannan wasannin gargajiyar wasu ne, na ƙauyukansu da kasuwanninsu. Kana biyan kuɗi kana buga ƙauyancin wasu, kana raina naka.

Ka ƙara dubawa. Da Street Fighter ta tashi saka 'yar Afirka a 1997, ta kawo Elena daga Kenya, amma wasan Barazil aka ba ta. A Tekken da Street Fighter da Mortal Kombat kaf babu ɗan dambe ko ɗaya, babu mai hannu naɗe da kara, ɗaya mashi ɗaya garkuwa. Israel Adesanya, haifaffen Legas, ya hau bangon wasan UFC 4 a 2020, Omos ma yana cikin WWE 2K, amma ta ƙofar wasannin wasu suka shiga. Ka shekara kana musun PES da FIFA, ba za ka tarar da Kano Pillars ko Sokoto United da lasisinsu a ciki ba. Duk zafin ra'ayinmu a kan waɗannan wasanni, ba ya wuce rufin kwanon da muke ƙarƙashinsa. Ba a tambaye mu ba, ba a san da mu ba.

Ba kuma don mun yi nisa da birni ba ne. Arslan Ash a ɗakunan gem na Lahore ta Pakistan ya koyi Tekken, wurare irin namu masu zafi da ɗaukewar wuta. A 2019, bayan wahalar biza, ya ci gasar EVO ta Japan, ya sake cin babbar a Las Vegas, duniya ta waiwayo ta tarar ashe ƙasarsa cike take da gwanaye. Ba muna cewa kowa ya bar gona ya koma gem ba. Waɗanda suke ci da wannan sana'a ba su taka kara sun karya ba. Abin lura shi ne, da an rufe ɗakunan Lahore da sunan gyaran tarbiyya, da ba a ji sunansa ba.

Ta fuskar fage kuwa, ba sai mun je nesa ba. Ketare Illela ka shiga Ƙwanni. Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Tun daga nan gasar take zagaya jihohin ƙasar, kowace jiha da 'yan kokawarta goma, ana nunawa a talabijin, gari ya tsaya cak. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi har sau shida, yaran Nijar sun san shi kamar yadda suka san Messi. Su ma suna da wayoyi, su ma suna da gidajen gem, su ma suna fama da matsalar tsaro. Kokawarsu ba ta mutu ba saboda hukuma ta gina mata fage ta sa mata rana. Wannan kaɗai ya isa ya rushe tuhumar farko.

Abin da muke nema

Ga masu gidajen gem: ku gyara kafin a gyara ku. Kada a kunna wa yaro wasan da aka rubuta ba nasa ba. Kada a karɓi ɗan makaranta a lokacin makaranta, ta boko ko ta allo. A kashe na'ura in an kira salla. Wanda ya ɗora kuɗi a kan wasa a tashe shi, ko shi ne ya fi kowa kawo ciniki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo da hakimanmu: in da gaske ana kewar kokawa, a sa mata rana. Bayan girbin shinkafa, da rana tsaka, a cikin gari, da jami'an tsaro da ma'aikacin asibiti a gefe, da kyautar da za ta sa saurayi ya motsa jiki. A gwada sau ɗaya a ga ko gidajen gem ba za su zama kango a ranar ba. Mu za mu fara isa, mu kuma za mu ɗauka a waya mu watsa.

Ga ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi: kayan ƙera gem irin su Godot kyauta ne. A Kamaru wani ƙaramin kamfani, Kiro'o Games, ya fitar da wasansa mai suna Aurion a 2016. Dambe kamar don gem aka yi shi: ɓangarori uku masu gaba da juna, turmi uku, bahago da badame, shago da ubangidansa, take da kirari. Kamfanoni irin su African Warriors Fighting Championship sun riga sun fara sayar da shi ga masu kallo na waje. Ranar da wani babban kamfani zai waiwayo ba ta da nisa. In muka yi barci, zai zo ya ɗauki motsin wani ɗan Arewa a ba shi kuɗin cefane, a sauya kalangu da wani kiɗa, a kawo mana mu saya. A fara tun yanzu, da izinin 'yan damben da rabonsu a rubuce, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga iyayenmu kuma, Allah ya ƙara girma. Damuwarku a kanmu gaskiya ce, muna kuma godiya. Amma ku zo ku zauna a bencin nan rabin sa'a kafin ku yanke hukunci. Za ku tarar da 'ya'yanku suna yin abin da kuka yi a farin wata, da abin da ya rage musu. In kuna son su koma fage, ku haɗa murya da mu a nemi a buɗe hanya, a tsare kasuwa, manomi ya girbe gonarsa ba tare da ya biya ɗan bindiga ba. Ranar da aka buga gangar kokawa a Magarya mutanen Gandi suka taho suka koma gida lafiya, ba sai an rufe gidan kowa ba.